Gawayi a Jikin Bango

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Yau babbar riga ta tona mini asiri. Na shirya zan je gaisuwar rasuwa Hanwa, na zura riga, na kai hannu zan saɓa ta a kafaɗar dama kamar yadda na saba yi shekara talatin ban ma san ina yi ba, sai hannun ya tsaya daidai ƙirji ya ƙi gaba. Na ƙara yunƙurawa, na ji kamar an soka mini ƙusa mai zafi cikin gaɓar. Autata ce ta zo ta naɗe mini rigar, ta ɗauko hula tana cewa, "Baba, ɗan sunkuyo." Yarinya 'yar shekara 11 tana shirya ubanta kamar wanda za ta raka makarantar allo.

Abin ya faro tun ƙarshen damina. Da fari da dare kawai yake damuna: in na juya na kwanta ta dama sai in farka. Na ce sanyi ne. Mai kemis ya haɗa mini ƙwayoyi kala uku, na sha har cikina ya fara zafi. Wanzami ya kafa mini ƙaho, jini baƙi ya fito, kowa ya ce alhamdu lillahi ciwo ya fita, ciwo kuwa yana nan. Sai aka kwatanta mini wani mai ɗori. Mutumin ya iya ɗorin karaya, na ga yaran da ya ɗora suna buga ƙwallo. Ya taɓa, ya ce ƙashin ne ya goce, ya sa samari biyu suka riƙe ni, ya fizgi hannun. Kwana uku ban runtsa ba. Laifina ya fi nasa, ni na kai masa abin da ba karaya ba.

Tun daga ranar na manne hannun a jikina kamar kazar da ta karye fiffike. Shagona na buga takardu da fotokwafi yana kusa da babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello a nan Samaru, kuma wata uku ke nan ina miƙa wa ɗalibai canji da hagu ina cewa a gafarce ni. Gobe asibitin Shika, in Allah ya kai mu. Uwargida ta ce in ban je ba, ita za ta kira yayana ta haɗa ni da shi.

Talata, 7

Na isa asibitin koyarwa na Shika tun hazo bai washe ba. An ɗauki hoton ƙashi, likita ya ɗaga shi sama ya ce ƙashina garau, ba gocewa, ba tsagewa. Har na ji haushi, wai mutum ya sha wannan azaba a ce masa ba a ga komai ba. Ya tura ni sashen fisiyo.

Likitar da ta duba ni ba za ta wuce sa'ar babbar 'yata ba. Ta ce in ɗaga hannu, na ɗaga iya iyawata. Ta ce in saki jiki ita ta ɗaga mini. Ta ɗaga, ya tsaya cak a wurin da ya tsaya mini. Ta ce, "To Baba, ka ga amsar nan. Da tsoka ce ta yage ko ta raunana, kai ne za ka kasa, ni zan iya kai shi sama. Tunda ni ma na kasa, gaɓar ce ta riƙe."

Ta ɗauko wani ma'auni na roba mai ƙafa biyu irin na lissafin 'yan makaranta. Hannu mai lafiya yana miƙewa sama sak, digiri 180. Nawa ta gaba 90, ta gefe 70. Sai ta sa na manne gwiwar hannu a haƙarƙari, ta ce in buɗe hannun waje kamar mai buɗe ƙyaure. Na hagu ya buɗe sosai, na dama bai wuce 15 ba. Ta ce wannan buɗewar ita ce ta fari wajen tafiya, ta ƙarshe wajen dawowa.

Yadda ta bayyana mini: kan ƙashin damtse dunƙule yake, ramin da yake zaune a allon kafaɗa kuwa ɗan ƙarami ne mara zurfi, shi ya sa duk jikin mutum ba gaɓar da ta kai kafaɗa juyawa. Abin da ke riƙe da ita tsokoki ne guda huɗu da wata jaka ta tantani da ta lulluɓe gaɓar. Jakar nan sakwa-sakwa take, tana da rara a ƙarƙashin hamata kamar aljihun riga. A wurina ta kumbura, ta yi kauri, ta tsuke. Turawa suna cewa kafaɗar ta daskare. Ta ce, "Kai ɗan Samaru ne, ga cibiyar binciken fata nan kusa da ku. Ka san fatar da aka jiƙa aka manta da ita a rana?" Na ce na sani. Ta ce, "In ka fizge ta me zai faru?" Na ce ta tsage. "In ka ajiye ta fa?" Na ce ta zama ƙirgi. Ta ce to duka biyun na yi wa kafaɗata, saura in gwada aikin majemi.

Har na miƙe ta ce, "Baba, yaushe rabonka da gwada sukari?" Na ce ni ba ni da sukari. Ta ce ba abin da ta tambaya ke nan ba. Ta rubuta mini takarda, gobe kafin in karya.

Laraba, 8

Na ba da jini da sassafe, na dawo na fara.

Kafin komai ɗumi: tsumma a ruwan zafi, a matse, a ɗora minti goma. A wannan hunturun ba wanda zai yi gardama da wannan umarni.

Na farko lilo ne. Na dafa tebur da hagu, na sunkuya, na saki hannun dama yana reto kamar guga a bakin rijiya. Ba hannun ne zai yi aiki ba, jiki ne zai ɗan karkaɗa, hannu ya bi: gaba da baya, hagu da dama, sannan kewaye ƙanana kamar faɗin faifai, goma ta nan, goma ta can. Wahalarsa ɗaya ce, sakin. Na yi wata uku ina gadin hannun nan, yau an ce in sake shi, sai na ji kafaɗar tana ɗagewa da kanta zuwa kunne. Sai da na yi numfashi mai tsawo sau uku ta sauka.

Na biyu hawan bango. Bangon bayan ɗakinmu ba a shafe shi ba, ana ganin layin bulo. Na fuskance shi, na sa yatsu daidai ciki, na dinga tafiya da su sama kamar gizo-gizo, har inda na ji ja. A nan zan tsaya in ƙirga ashirin, in sauko a hankali. An hana ni ɗage dunduniya, an hana ni gantsarewa, an hana ni ɗaga kafaɗa. Waɗannan ukun su ne maguɗin wannan jarrabawa, kuma na kama kaina ina yin dukansu.

Autata ta ɗauko gawayi daga murhu ta ja layi a inda ɗan yatsana na tsakiya ya tsaya. Ta sa na gwada hagu ma, ta hau kujera ta ja nasa. Tsakaninsu bulo biyu da rabi. Na daɗe ina kallon tazarar nan.

Sau uku a rana: bayan asuba, bayan azahar, bayan isha'i. Na ɗaura shi a jikin salla don kada in manta.

Alhamis, 9

Sakamako ya fito: 9.2. Likita ya ce in na kafin karin kumallo ya kai 7 ko ya haura, kuma aka maimaita aka sake samun haka, to ciwon sukari ne. Za a maimaita, amma fuskarsa ta riga ta faɗa mini.

Ashe tashin da nake yi sau uku cikin dare zuwa bayi ba sanyin hunturu ba ne. Ashe ƙishirwar ba ƙura ba ce. Ya ce riƙewar kafaɗa irin wannan tana samun kamar mutum 2 zuwa 5 cikin 100, galibi tsakanin shekara 40 da 60, mata sun fi maza, amma a cikin masu ciwon sukari takan kai 10 zuwa 20 cikin 100, kuma tasu ta fi taurin kai. Ana ganin sukarin da ya yi yawa a jini yana manne wa zaren da aka saƙa tantanin da shi, ya ƙandare shi. Masu ciwon maƙoƙo ma tana yawan kama su, haka wanda ya daɗe da hannu rataye bayan karaya ko tiyata.

Na biya ta wurin mai shayin bakin titi don in gaishe shi kawai. Kafin in zauna har ya zuba cokali uku ya kai hannu gwangwanin madara. Shekara goma sha yana yi mini wannan haɗin ba sai na faɗa ba. Na ce, "Yau ba sukari." Ya dube ni kamar na ce masa zan bar garin.

Juma'a, 10

Sahu ya matse, na zaɓi ƙarshen layi ta dama don kada kowa ya goge ni. Kabbarar harama: hagu ta kai kunne, dama ta tsaya a haɓa. Na taɓa tambayar limamin unguwarmu, ya ce in ɗaga iya inda ya kai, salla ta yi. Shafar kai a alwala ce ta fi ba ni kunya, don hannun dama ba ya kai ƙeya, sai dai in sunkuyar da kan ya zo ya same shi.

Bayan an idar, gaisawa. Akwai wani aminina da in ya kama hannunka sai ya girgiza shi kamar mai kaɗe tabarma. Na hango shi, na riga shi dafe ƙirji.

Layin gawayi bai motsa ba.

Asabar, 11

Takarda ta ƙare a shago, ga ɗalibai da kundayensu, dole Sabon Gari. Na shiga bas a Samaru, na zauna jikin taga ta dama. Mun wuce Palladan lafiya, ƙananan jiragen kwalejin koyon tuƙi suna shawagi a sama cikin hazo. Dab da gadar Kwangila wani ɗan acaɓa ya gitta, direba ya taka burki, hannuna na dama ya zabura da kansa ya cafki kujerar gaba. Ban san lokacin da na yi salati da ƙarfi ba. Idona ya kawo ruwa. Wata dattijuwa a gefena ta ce, "Sannu ɗan nan, ko amosani ne?" Kamar minti biyu zafin ya yi yana ci, sannan ya lafa. Wannan ciwon ba ya son bazata: ka kai hannu ka tare ƙyaure, ka kori sauro, ka cafe abin da zai faɗi, nan take zai tuna maka da kansa.

A kasuwa na sayi kwali uku na takarda. Da ni nake ɗaukar ɗaya, ɗan dako ya ɗauki biyu. Yau na tsaya riƙe da jaka kamar baƙo. Dattijon da ya ɗauka mini ya girme ni nesa, na san shi tun lokacin da nake yaron shago. Ya ɗaga kwali biyu da hannu bibbiyu ya aza a kan gammo, ya rungumi na ukun. Na bi hannayensa da kallo suna miƙewa sama sak, abin da na kasa yi wa hula.

Ya ce, "Alhaji, yau ba a taya ni?" Na faɗa masa. Ya ce, "Kafaɗa jaki ce, in ka ɗaure ta a turke ba aiki sai ta koyi tutsu." Na yi dariya. Amma da muka isa bakin mota ya sauke, na ga yadda ya dafe ƙugu yana miƙewa da ƙyar. Kowa da inda sana'arsa take cinsa. Tun da jirgin ƙasa ya iso Zariya wajen 1911 Sabon Gari ta tashi a gefen tasha, a kan wuyan irinsu kayan garin nan suke yawo. Mu kuma 'yan Samaru takarda da kujera suka lanƙwashe mu.

Lahadi, 12

Yau aka ƙara sanda. An ce kowace iri ce in dai ba ta da nauyi. Na duba gidan nan kaf ban samu ba sai muciya. Uwargida ta ce, "Malam, wannan ta tuwon dare ce fa." Na ce aro.

Na kwanta rigingine a tabarma, na riƙe muciyar da hannu biyu, na ɗaga ta daga cinya zuwa sama, hagu tana jan dama, har inda ta tsaya. A kwance ya fi sauƙi, domin da zarar hannu ya wuce saitin fuska nauyinsa ne yake taimakonka. Na biyunsa shi ne na buɗe ƙyaure: gwiwar hannu a lanƙwashe, manne da haƙarƙari, an cusa ɗan naɗaɗɗen tawul a tsakani, sai hagu ta tura bakin muciyar, tafin dama ya yi waje. Ɗan motsi ne da ko faɗin tafi bai kai ba, amma ya fi duk sauran sa ni gumi.

Uwargida ta zauna a bakin ƙofa tana tsince shinkafa tana kallona. Ta ce ita da take tuƙa tuwon mutum goma da wannan muciyar kullum ba wanda ya taɓa ja mata layi a bango. Ta ce Inna, Allah ya jiƙanta, har ta tsufa tana cilla taɓarya sama ta tafa ta cafe. Gaskiya ne, na gani da idona a gidanmu. Amma na tuna mata abin da likita ya ce, ciwon ya fi kama mata, da masu daka da masu kai niƙa inji. Ba na son wannan zancen na cewa mutanen da ba sa ciwo. Suna yi, sunansa sanyin ƙashi, kuma da shi ake binne su.

Da yamma layi ya hau yatsa ɗaya. Autata ta yi guɗa.

Litinin, 13

Gwaji na biyu 8.8. An ɗora ni a kan magani. Yatsa ɗaya kuma.

Laraba, 15

Jiya na yi wauta. Na ga layi yana hawa, na yi lissafin ɗan kasuwa: in sau uku yana ba da yatsa ɗaya, sau shida zai ba da biyu. Na ƙara da danna ƙirji a bango ina cije leɓe har na ji wani abu ya yi ɗas. Daren jiya a zaune na kwana, jingine da bango, ina jin karnukan Hayin Dogo har aka kira assalatu. Da safe yatsuna sun tsaya ƙasa da layin farko na ranar Laraba waccan.

Ban yi komai ba yau sai ɗumi da lilo. Na yi wa yaron shago tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Zan ba shi haƙuri gobe.

Alhamis, 16

Na koma Shika ina sunkuyar da kai. Likitar ba ta yi faɗa ba, ta ce kusan kowa sai ya yi wannan a mako na biyu, musamman maza. Ta ce zafi iri biyu ne, in koyi rarrabe su. Akwai na ja, wanda yake kamar miƙar safe, kana iya numfashi da magana a cikinsa, kuma da ka saki ya tafi. Wannan shi ake nema. Akwai na suka, mai sa ka riƙe numfashi, mai bin ka har shimfiɗa. In na ji shi na wuce gona da iri. Ma'auninta mai sauƙi ne: in motsin yau ya hana ni barcin yau, ko na tashi gobe na fi jiya tauri, to in rage.

Ta ce ciwon zango uku gare shi. Zangon zafi, inda ciwo ke ƙaruwa gaɓa tana tsukewa. Zangon tauri, inda zafi ke raguwa amma hannu ya ƙi tafiya. Sai zangon sakewa. Duka-duka yakan ɗauki shekara ɗaya zuwa uku. Na ce, "Shekara, likita?" Ta ce, "Shekara, Baba. Ni ban ce maka zan kore shi a wata guda ba. Muna so ne kada ka rasa abin da ya rage, mu kuma ƙwato abin da za mu iya, ka ci gaba da sana'arka." Ina tsammanin ina kan iyakar zango na ɗaya da na biyu, shi ya sa gaɓar ba ta son a matsa mata.

Na tambayi allurar da ake yi a cikin gaɓa, wadda wani ya ce mini tana kashe zafin. Ta ce tana taimakawa, musamman a farko, amma tana tayar da sukarin jini na 'yan kwanaki, don haka sai nawa ya daidaita sannan likita ya duba. Ƙwayoyin kemis kuwa ta ce in bar haɗa su da kaina, suna cin ciki, kuma mai sukari dole ya tausaya wa ƙodarsa.

Ta koya mini kwanciya: ta hagu, in rungumi filo hannun dama ya hau kansa, ko rigingine da ɗan filo ƙarƙashin damtse. Shekara 54 a duniya, yau ake koya mini yadda ake kwanciya.

Asabar, 18

Barcin awa biyar cur ba farkawa. Rabona da haka tun kafin Mauludi.

Telan da ke jikin shagona ya leƙo ya same ni ina hawan bango, ya ce shi ma kafaɗarsa ta dame shi, in koya masa. Sai na tsinci kaina ina kwaikwayon likita. Na ce ɗaga. Ya ɗaga, daidai tsakiya ya yamutse fuska, da ya wuce wurin kuma ya miƙe sama. Na ce saki jiki, na ɗaga masa da hagu, ya tafi har kunne ba gardama. Na ce, "Maƙwabci, naka ba irin nawa ba ne, ni kuma iyakar karatuna ke nan. Ka je a duba." Ya ce kuɗin mota. Na ce na kashe ninkinsa goma a kan ƙaho da man zafi.

Na kuma faɗa masa abin da aka ja mini kunne a kai, don tasa ta hagu ce: in ciwon kafaɗa ko hannu ya zo da nauyin ƙirji, da gumi, da sarƙewar numfashi, ba zancen lilo ba ne, zuciya ce, a nemi mota nan take. Haka in faɗuwa aka yi hannu ya ƙi ɗaguwa, ko gaɓar ta kumbura ta yi zafi da zazzaɓi, ko yatsu suna mutuwa. Ya ce na zama likitan layi. Ya dai karɓi shawarar, ko don in ƙyale shi.

Litinin, 20

Wani ɗalibin likitanci ya kawo fotokwafi, ya tarar da ni dafe da injin, hannu yana reto. Ya ce, "Baba, ai wannan na Codman ne." Na ce wane ne haka? Ya ce Ernest Codman, likitan tiyata ne a Boston ta Amurka, ya fitar da littafi sukutum a kan kafaɗa a 1934, shi ya raɗa wa ciwon sunan daskarewa, kuma lilon nan da sunansa ake kiransa har yau. Kafin shi wani Bafaranshe, Duplay, ya siffanta shi tun 1872. Na ce to shekara casa'in da ɗaya ana wannan reto, ba a samo abin da ya fi shi ba? Ya yi dariya ya ce shi dai aji huɗu yake. Na yafe masa kuɗin shafi biyar.

Na gyara shagon. Kujerata ta yi ƙasa, tebur ya yi sama, shekara 19 ina buga rubutu kafaɗu a ɗage, kai a gaba kamar kunkuru. Likitar ta ce ba za ta rantse wannan ne ya jawo ciwon ba, amma ba ya taimakonsa. Na sa kafinta ya rage ƙafafun tebur. Duk awa ɗaya ina tashi in ja allunan kafaɗa baya kamar zan matse lemon tsami a tsakaninsu, in ƙirga biyar, sau goma. Wutar lantarki ma ta shiga aikin: duk ɗaukewa, kafin yaro ya tayar da janareta, na yi lilo. Jan igiyar janaretan kam na bar masa har abada.

Alhamis, 23

Tawul ta baya. Hagu ta riƙe shi ta saman kafaɗa, ya sauko ta gadon baya, dama ta kama ƙarshensa ta ƙasa, sai hagu ta ja sama a hankali kamar mai cuɗa baya. Ranar farko ko kama shi ban iya ba, sai da na ɗauko tsohon rawanin mahaifina, ya fi tsawo. Babban yatsana yana tsayawa a kan mazagin wando. Na hagu yana kaiwa tsakanin alluna. Wannan shi ne motsin da mata ke ɗaure goyo da shi. Ban taɓa tunanin akwai wata fasaha a cikinsa ba sai yau.

Layi: bulo ɗaya saura yatsa biyu sama da na farko.

Lahadi, 26

Ƙanena ya zo daga Tudun Wada, ya ga bangon ya ce wane yaro ne yake ɓata mini gini. Da ya ji labari sai ya shiga aiki, shi dama ba ya zama. Ya samo igiyar shanya, ya rataya ta a reshen darbejiyar tsakar gida ta cikin wani zoben ƙarfe, ya ɗaura guntun itace a kowane baki. Ina zaune a kujera, hagu tana ja ƙasa, dama tana tafiya sama. Irin sa na gani a asibiti, nasu dai mai taya ne. Ya ce, "Yaya, ja da ƙarfi mana!" Na ce masa na riga na biya kuɗin wannan karatun ranar 14 ga wata.

Yaran maƙwabta sun ɗauka lilo aka kafa musu. Sai da aka yi rabon lokaci.

Alhamis, 30

Ma'aunin roba ya dawo. Ta gaba 115, ta gefe 90, buɗe ƙyaure 20. Na ce biyar kacal a mako uku? Ta ce, "Na faɗa maka ita ce 'yar auta." Sukari 7.4 da safe. Ta ƙara mini ɗaya: in kamo gwiwar hannun dama da hagu in jawo ta ta gaban ƙirji, in ƙirga ashirin. Ta ce in lura da ta hagun ma, domin wasu in ɗaya ta warke ɗayar takan karɓa bayan shekaru, don haka duk abin da na yi wa dama in ɗan yi wa 'yar'uwarta. Sai bayan mako uku zan koma, kuma za mu zauna da likitan sukari a kan yadda zan yi da magani in azumi ya kama.

Juma'a, 31

Na yi alwala, hannun dama ya wuce tsakiyar kai, bai kai ƙeya ba. Na zura babbar riga. Autata ta taso, na ce ta tsaya tukuna. Na tattaro hannun rigar da dama, na tallafi gwiwar da hagu, na ɗaga a hankali ina numfashi. Ya hau kafaɗa, ya zauna a karkace, rabinsa yana zamewa. Ta ce, "Baba, bai yi kyau ba." Na ce na sani. Ta gyara mini gefen da ya zame. Hular kuwa ni na ɗora, da hannu biyu, ko da yake sai da na ɗan sunkuya.

Da muka dawo masallaci ta ɗauko gawayi. Bulo ɗaya da yatsa ɗaya. Saura ɗaya da rabi, in an cire yatsan. Ta ce gawayin ya ƙare, gobe za ta zo mini da alli daga makaranta. Na tuna mata gobe Asabar ce, ni kuma ina da Sabon Gari, sai in sayo kwali guda.